Littafin Gyaran Babur: Sabon Bugu Ko Wanda Ya Dace?



An nemi in yi magana yau a kan sayen littafin gyaran babur, na kuwa san akwai waɗanda za su ce a ransu, ashe har abin ya kai a tara 'yan jami'a a zaure saboda littafin makanikai? Ina roƙon masu wannan tunani su ɗan yi haƙuri da ni. Babur shi ne jakin ɗalibi a zamanin nan, shi ke kawo da yawanmu aji daga cikin gari, wasunmu kuma da shi suke neman abin biyan kuɗin makaranta bayan an tashi daga lacca. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar Naira a watan Yunin da ya biyo baya, kuɗin mai da na kayan gyara da ladan bakanike duk suka yi tashin gwauron zabo. Wannan ya sa ɗalibai da dama suka fara ɗaukar sifana da kansu, suna yin juye, suna wanke fulogi, suna ɗaure kaca. Abu ne mai kyau. Sai dai wanda ya ɗauki sifana bai san iyakar inda zai murɗa ba, yana iya jawo wa kansa asarar da ta ninka ladan da ya guje wa biya, in kuwa birki ya taɓa, to asarar tana iya wuce ta kuɗi.

Abin da nake so in tsaya a kansa guda ɗaya ne. Mu ɗalibai mun saba da cewa bugun bana na littafin karatu ya fi na bara, domin an gyara kurakurai an ƙara babi, saboda haka in mun shiga kantin littattafai sabon bugu muke tambaya. Littafin gyara ba haka yake ba. Kowane ɗaya an rubuta shi ne domin wani inji takamaimai, wanda aka ƙera a tsakanin wasu shekaru, aka kuma yi shi domin kasuwar wata ƙasa. Sabon littafi na babur ɗin da ba naka ba, ba shi da wani fifiko a kan tsohon littafi na babur ɗin da ba naka ba, dukkansu ɓatar da kai za su yi. Wanda kake nema shi ne bugu na ƙarshe daga cikin waɗanda suka ƙunshi naka babur ɗin. Sauran jawabin nawa duk bayanin wannan jimla ce.

Da farko ya kamata mu rarrabe littattafan, domin masu sayarwa sukan kira su da suna ɗaya. Akwai ɗan ƙaramin littafin da ke zuwa tare da sabon babur, wanda galibi akan jefar da shi tare da kwali. Wannan yana gaya maka irin man da za ka zuba, da iskar taya, da lokacin da za ka kai babur gareji, amma ba ya koya maka kwance kome. Akwai kuma babban littafin gyara na kamfanin da ya ƙera babur ɗin, wanda aka rubuta domin makanikan dillalansa. Shi ne uwa ma ba da mama a wajen alƙaluma, sai dai yana ɗauka cewa mai karatunsa ya riga ya koyi sana'ar, kuma yana da kayan aiki na musamman. Na ukunsu shi ne irin wanda wasu kamfanonin ɗab'i masu zaman kansu suke wallafawa domin mai babur da ke gyara a ƙofar gidansa, mafi shahara a cikinsu su ne Haynes na Ingila da Clymer na Amurka, ko da yake tun shekarar 2013 Haynes ya saye Clymer. Ban da waɗannan akwai kundin kayan gyara, mai zanen kowane noti da lambarsa, wanda ke da amfani ƙwarai ranar da za ka je kasuwa, amma shi ma ba ya faɗin yadda ake aiki.

Yana da kyau mu san yadda ake haɗa irin littafin Haynes, domin a nan ne ƙarfinsa yake, a nan ne kuma iyakarsa take. John Haynes, wanda ya kafa kamfanin a 1960, yana aikin sojan sama a Aden lokacin da ya taimaki wani abokin aikinsa kwance wata mota ƙirar Austin-Healey, yana ɗaukar hoton kowane mataki. Daga wannan aiki littafinsa na gyara na farko ya fito a 1966, kamfanin kuma ya ci gaba da bin wannan hanya, wato a samo abin hawa, a wargaza shi ɗai-ɗai, a sake haɗa shi, a rubuta abin da aka gani. Ke nan hotunan da kake gani a littafin na wani babur ne na zahiri da ya shiga garejinsu a Ingila a wata shekara. In naka ya bambanta da wancan ko da a wuri guda ne, to a wannan wuri hoton ba ya magana a kan naka. A sani kuma, a ƙarshen 2020 kamfanin ya ba da sanarwar cewa sababbin littattafansa na sababbin ababen hawa ta intanet za su riƙa fita, tsofaffin ne za a ci gaba da bugawa a takarda.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi, wato Honda CG125, saboda kusan babu garejin da ba a san injinsa ba, ko nasa na asali ko na masu kwaikwayonsa. Tarihinsa kansa darasi ne. A shekarar 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa wasu ƙasashe masu tasowa na Asiya su gano dalilin da ya sa baburansa ke saurin lalacewa a can. Suka tarar mutane na labta wa babur kaya fiye da kima, ba sa canza baƙin mai har sai ya yi kauri, matacin iska na takarda kuma yakan toshe da ƙura ba wanda ya kula. Maimakon su tsaya zargin masu saye, sai suka ƙera injin da zai jure wannan hali. Suka sauko da sandar da ke buɗe bawul zuwa ƙasa inda mai ya fi isa, tana tura bawul ta hanyar wasu 'yan sanduna, suka kuma sa matacin iska na soso wanda ake wankewa a mayar. Babur ɗin ya fito a 1975, aka fara ƙera shi a Brazil a 1976, aka daina sayar da shi a Turai wajen 2008, a Pakistan kuwa har yanzu ana ƙera shi.

To ga inda maganar take. Sunan bai canza ba a tsawon waɗannan shekaru, amma babur ɗin ya canza sau da yawa. Na farkon suna amfani da batir mai ƙarfin bolt 6, na baya suka koma bolt 12. Na farkon suna samar da tartsatsin fulogi ta hanyar wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa, waɗanda dole a riƙa gogewa ana daidaita ratarsu, na baya kuwa aka sa musu ɗan akwatin lantarkin nan da makanikai ke kira si-di-ai, wanda ba a buɗe shi, ba a daidaita shi. Daga baya aka ƙara maɓallin tayarwa, sannan a 2004 wanda ake kaiwa Turai ya sami birkin gaba mai faifai da mai, a madadin na ganga mai waya. Saboda haka Haynes ya yi ta sabunta littafinsa na wannan babur har ya kai ga bugun da ya ƙunshi 1976 zuwa 2007. Wanda ke da na 2005 ya sayi tsohon bugu, zai nemi babin birki mai faifai ya rasa, zai kuma ɓata yini yana neman ƙarafan tartsatsin da babu su a injinsa. Wanda ke da na 1978 ya sami sabon bugun, ya dace, amma da sharaɗin ya riƙa karanta kan kowane sakin layi ya ga shekarun da ake magana a kansu, domin littafi ɗaya mai ɗauke da shekara talatin ba zai rasa “in naka na kaza ne, duba shafi kaza” ba.

Abin da kake biyan kuɗi dominsa a littafin gyara alƙaluma ne. Yadda ake kwance murfin bawul, kowane yaron gareji zai nuna maka cikin minti biyar. Ratar da za ka bari tsakanin bawul da abin da ke danna shi kuwa, ido ba ya ganinta. A injin CG125 ratar milimita 0.08 ce, a tsofaffin Honda C70 da C90 kuma 0.05, dukkansu kuwa sai inji ya huce sarai ake aunawa, da wasu siraran ƙarafa da aka rubuta kaurin kowanne a jikinsa. Bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu bai kai kaurin gashin kai ba. In ratar ta yi yawa, inji ya yi ta ƙara, ƙarfinsa ya ragu. In ta yi kaɗan, to nan ne haɗarin yake, domin inji zai yi shiru har mai shi ya ji daɗi, alhali in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, bawul ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone shi. Wato kunne yakan yaba wa aikin da ke kashe inji.

Haka batun ɗaure noti yake. Jikin injin babur na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, notin kuwa na baƙin ƙarfe. In ka matsa fiye da kima, haƙoran da ke cikin ramin ne za su zube, notin ya yi ta juyawa ba ya kamawa. A wurin juye ko ramin fulogi wannan na nufin aikin mai walda ko sayen sabon kan inji. Littafi yana ba da awon ƙarfin da za a ɗaure kowane noti, ana kuma aunawa da wata sifana mai ma'auni a jikinta. A nan ma sai an lura da zamanin littafin. Tsofaffin littattafan Japan suna rubuta awon da kilogiram-mita, na Ingila da Amurka da laba-ƙafa, na yanzu kuma da niyuton-mita. Kilogiram-mita ɗaya ya kusa niyuton-mita 10, laba-ƙafa ɗaya kuma daidai yake da niyuton-mita 1.36. Ashe in littafi ya ce 20 da niyuton-mita, kai kuma ka karanta 20 a layin laba-ƙafa na sifanarka, ka ɗaure notin da ƙarfin 27, wato ka wuce iyaka da fiye da kashi ɗaya cikin uku. 'Yan'uwanmu na sashen kimiyya za su ce wannan lissafin aji ɗaya ne na sakandare, haka ne kuwa, amma a ƙarƙashin bishiya da hannu duk baƙin mai ake yin sa.

Akwai kuma wata fuska ta sabuntawa wadda ta shafi mai tsohon babur ma, ita ce ta sa na ce a nemi bugu na ƙarshe. Ko da babur bai canza ba, abin da ake zuba masa ya canza. Littafin da aka buga a shekarun 1970 yana ambaton darajojin baƙin mai waɗanda aka daina amfani da su tuntuni, a wancan lokaci kuwa man mota da na babur kusan abu ɗaya ne. Daga baya aka fara zuba wa man mota sinadaran ƙara santsi domin rage shan fetur. Su kuwa yawancin baburanmu masu giya, faifan kulocinsu a cikin baƙin man inji yake wanka, in man ya cika santsi sai kuloci ya riƙa zamewa, ka murɗa totur inji ya yi kuka babur bai ƙara gudu ba. Wannan ya sa a 1998 Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babur, inda alamar MA ke nufin man da ya dace da irin wannan kuloci, MB kuma na baburan da ba a sa musu giya da ƙafa. Tsohon bugu ba zai ambaci wannan ba, domin an buga shi kafin a san matsalar. Batir ma haka ne. Tsohon littafi zai ce ka buɗe ka ƙara tataccen ruwa, alhali batir ɗin da ka sayo jiya mai yiwuwa rufaffe ne wanda ba a buɗewa sam.

Zan ɗan ratse in yi magana a kan taswirar wayoyin wuta, domin ita ce shafin da ya fi kowane daraja a littafin, ita ce kuma ta fi lalacewa a hannun masu kwafi. Kowane kamfani yana da nasa launuka. A baburan Honda koriyar waya ce ke mayar da wuta jikin firam, baƙar waya kuwa ita ke ɗauke da wuta da zarar an murɗa makulli. A na Yamaha baƙar ce ke zuwa jikin firam. Suzuki na amfani da baƙa mai ratsin fari, Kawasaki baƙa mai ratsin rawaya. Ku duba abin da zai faru ga wanda ya saba da Yamaha ya kama baƙar wayar Honda ya ɗaure ta a jikin ƙarfe. In ya yi sa'a fis ne kawai zai tsinke, in kuwa wani ya riga ya maye gurbin fis ɗin da zaren waya, kamar yadda aka saba yi, to sai dai ya ga hayaƙi. Yanzu ku ɗauki wannan taswira mai launi goma sha, a yi mata hoto baƙi da fari, a sake yin hoton hoton, har 'yan haruffan da ke nuna launi su dushe. Abin da ya rage layuka ne kawai masu kama da juna.

Wannan ya kawo ni ga kwafe-kwafen da ke yawo a wayoyin hannu. Ba zan tsaya yin wa'azi a kan haƙƙin mallaka ba, ko da yake akwai shi, kuma mu da muke fatan zama marubuta gobe bai kamata mu raina shi ba. Magana ta amfani nake yi. Irin waɗannan kwafe sau da yawa shafin farko ne ke fara ɓacewa, shi ne kuwa mai ɗauke da shekarar bugu da jerin nau'o'in da littafin ya ƙunsa. Wani lokaci sunan da aka sa wa fayil ɗin daban, abin da ke ciki daban. Kamfanoni kuma sukan fitar da 'yan takardun ƙari bayan babban littafi, inda suke gyara wani adadi ko su bayyana canjin da aka yi a tsakiyar shekara, mai kwafi kuwa bai damu da haɗa su ba. Wanda ya ga dole sai da kwafi zai yi aiki, aƙalla ya tabbata shafin farko na nan, lambobin shafi kuma suna bin juna ba tsallake.

To yaya mutum zai san ainihin babur ɗin da yake hawa? Kada ya dogara da sunan da ke jikin tanki, domin tanki ana canza shi, sitika kuma ana sayar da ita a kasuwa. Kada kuma ya dogara da shekarar da ya saya, domin babur yakan yi shekara a cikin kwali. Ya duba wuyan firam, wurin da kan babur ke juyawa, zai ga lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ta inji kuma tana gefen akwatin inji daga ƙasa. Tun daga 1981 aka daidaita lambar firam ta zama haruffa da alƙaluma 17, ba a sa I ko O ko Q a cikinta don kada a rikita su da ɗaya da sifiri. Kamfanoni da yawa, ko da yake ba duka ba, suna amfani da gurbi na goma wajen nuna shekarar ƙira. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne 1 zuwa 9, daga nan A ita ce 2010, K 2019, L 2020, P kuma 2023. Tsarin yana zagayowa bayan shekara 30, saboda haka K tana iya zama 1989, amma ina jin babu wanda zai kasa bambance babur ɗin 1989 da na 2019. A rubuta lambobin nan biyu a takarda, a tafi da su wajen mai sayarwa, a gwada su da jerin da ke farkon littafi tun kafin a miƙa kuɗi.

Masu baburan Sin, waɗanda su ne da yawa a cikinmu, suna da wata 'yar dabara ta daban. Sunayen da ke jikin waɗannan babura sun fi a ƙirga, amma injinan kaɗan ne, kuma galibi kwaikwayon tsofaffin injinan Japan ne. A jikin injin akan buga wata lamba irin su 156FMI ko 152FMH. Alƙalamin farko yawan silinda ne, biyun da ke bi masa faɗin ramin fistin ne da milimita, F na nufin iska ke sanyaya shi, M na nufin na babur ne, harafin ƙarshe kuma girman injin, inda H ke nuna 110, I 125, J 150. Da wannan lamba za ka nemi littafi, ta fi sunan tanki gaskiya. Haynes ma yana da littafi guda da ya tattara baburan 125 na Sin da Taiwan da Koriya a kan irin injin da suke ɗauke da shi. Sai dai a tuna, kwaikwayo ba ya zama tagwaye. Injin na iya yin daidai da na CG125, amma wayoyi da kabureta da birki kowace masana'anta da inda take sayo nata.

Saura batun kasuwa. Babur mai suna ɗaya yakan fito da siffa biyu ko uku saboda dokokin ƙasashe. A Turai, daga 2016 zuwa 2017, dokar hayaƙi ta Euro 4 ta fara aiki, aka kuma wajabta wa sababbin babura tsarin birki na zamani. A Indiya dokar hayaƙi ta BS6 ta fara aiki a watan Afrilun 2020, ta sa kamfanoni irin su Bajaj da TVS suka sauya yadda fetur ke shiga injinan da suke sayarwa a gida, da yawa suka koma injekta mai aiki da ƙwaƙwalwar lantarki. Baburan da ake kawowa kasuwanninmu kuwa da yawansu da kabureta suke zuwa. Ke nan littafin da aka buga bara a Indiya, sabo fil, yana iya kasancewa bai ambaci kaburetar da ke jikin naka ba. Akasin haka ma na faruwa ga wanda ya sayi babur na hannu da aka shigo da shi daga Turai ko Japan. Shi ba shi da sukurin da zai murɗa ya daidaita mai. Abin da yake da shi wata 'yar fitila ce a gaban mita, wadda a baburan Honda take ƙyafta ido ta faɗi ciwon da ke damun inji, dogon ƙyaftawa goma, gajere ɗaya. Ba tare da jadawalin da ke fassara waɗannan lambobi ba, fitilar tana magana ne da kurma. Ga mai babur ɗin Indiya ko na Honda da aka harhaɗa a masana'antarsu ta Ota a Jihar Ogun, wurin da ya fi dacewa ya fara tambaya shi ne wajen dillalin kamfanin, ya kuma ce na kasuwar nan yake so.

Ko littafin da ya dace ma sai an karanta shi da hankalin wurin da ake zaune. Jadawalin gyara yakan ce a wanke matacin iska bayan kilomita dubu kaza, amma a ƙasansa akwai ɗan rubutu ƙanana da ke cewa a yawaita in ana tafiya cikin ƙura. Wannan ɗan rubutu, wanda mai babur a Ingila zai tsallake, mu shi ne dokarmu daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hazon hunturu ke rufe gari.

Kada wani ya fita daga zauren nan ya ce na ce a yi watsi da makanikai. Malam bakanike da ya shekara ashirin yana kwance inji yana da ilmin da babu shi a takarda, ya san notin da ke karyewa, ya san kayan gyara na jabu da ganin kwalinsa. Abin da littafi zai yi shi ne ya sa ka iya zama kusa da shi ka fahimci abin da yake yi, in ka tambaye shi rata nawa ya bari a bawul, tambayar ta fito daga wanda ya san amsa. Da ladabi ake yin wannan tambaya, domin mutumin nan ya girme ka, a fagensa kuma shi ne malami. Littafin zai kuma nuna maka inda ya kamata ka tsaya. Haynes na sa hoton sifana daga ɗaya zuwa biyar a kan kowane aiki gwargwadon wahalarsa. Juye da fulogi da kaca da matacin iska da gyaran wayar birki, duk ɗalibi mai natsuwa zai iya. Raba akwatin inji gida biyu, ko buɗe birki mai aiki da mai, wanda in iska ta shiga bututunsa hannun birki zai taɓa roba babur bai tsaya ba, waɗannan a ganina a bar wa mai sana'a har sai an yi su sau da yawa a gabansa. Man birkin ma iri-iri ne, wanda aka rubuta wa DOT 5 ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4, murfin ɗan tankin man kuwa yana ɗauke da sunan wanda ya dace.

Na san tambayar da ke bakin kowa ita ce ta kuɗi, tun da littafin da aka shigo da shi daga waje da kuɗin waje ake sayensa. Shawarata ga ƙungiya ita ce a ɗauki sunayen masu babura a makarantar nan tare da lambar injin kowa. Ina kyautata zaton za a tarar nau'o'in ba su da yawa, domin mu duka kasuwa ɗaya muke saye. Masu iri ɗaya su haɗa kuɗi su sayi littafi ɗaya na asali, su haɗa da sifana mai ma'auni da siraran ƙarafan awon rata, a ajiye a ofishin ƙungiya a riƙa ara ana sa hannu kamar yadda ake yi a laburare. Shafukan alƙaluma kuwa, kowa ya kwafe nasa da hannunsa a ɗan littafin aljihu, ya riƙa rubuta kwanan wata da kilomitar da mita ta nuna duk ranar da ya yi juye. Masu karatun Hausa da masu karatun injiniya kuma, in sun zauna tare, za su iya mayar da waɗannan shafuka cikin Hausa da kalmomin da ake amfani da su a gareji, domin yaran da ke koyon sana'a a bakin ƙofar makarantar nan su ma su karanta.

Shugaba, na ga alamar lokacina ya cika, a nan zan dakata domin a sami damar yin tambayoyi.